Zango da Iyali Mai Yawa: A Nemi Masauki Kafin a Ɗaura Kaya

Kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, tabkunan arewa sun fara ja da baya. Na san a ruga da yawa hirar dare yanzu ba ta wuce ina za a dosa bana, kuma wa da wa za a tafi da su. To, maganarmu ke nan yau: sauka da iyali mai yawa a ƙasar da ba taka ba, da ƙa'idojin da ke kan wurin da za ka kafa bukkarka.

Mutum ɗaya da sandarsa da butarsa, duk inda dare ya yi masa nan ne gida. Ba wanda zai tashe shi daga gindin tsamiya. Amma kai da ka taso da mata biyu, da 'ya'ya goma sha wani abu, da tsohuwa, da ƙanenka da nasa iyalin, ga shanu ɗari da hamsin, ga tumaki, ga jakai ɗauke da ƙore da tabarmi, ai ƙauye guda ne ya taso. Mutanen garin da ka nufa da sun hango ƙurarku lissafi suke farawa: rijiyarmu za ta ɗauka? Lambunanmu fa? Kwana nawa za su yi? In ba ka riga ka amsa musu waɗannan tambayoyi ba tun kafin ka iso, su za su amsa wa kansu, kuma amsar ba ta cika yi maka daɗi ba.

Kada wani ya ce neman masauki tun kafin isowa sabon abu ne da takarda ta kawo. Kakannin fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, ta Salaga, ayarinsu kan kai ɗaruruwan mutane, har da mata da yara, kuma ba su taɓa afka wa gari haka kawai ba. Akwai madugu, akwai jagaba a gaba, akwai mai tara kuɗin da za a biya sarakunan hanya. Ana aikawa a yi sallama, a daidaita abin da za a bayar, sannan a nuna musu fili a bayan gari su sauke. Wannan filin shi ne zango, kuma daga nan unguwannin zango na Kumasi da Akkara da Lome suka samo sunansu. Haka ma a wajen Fulani: garso kan riga garke, ya duba ciyawa da ruwa, ya ji labarin cuta, ya dawo ya faɗa, sannan arɗo ya je ya gai da sarkin gari. Abin da ya canja kawai shi ne masu cewa e ko a'a sun ƙaru, kuma wasunsu suna zaune a ofis.

Mu fara da na ofis ɗin. A watan Oktoba na 1998, a Abuja, shugabannin ƙasashen ECOWAS, wato CEDEAO a bakin mutanen Nijar da Benin da Togo, suka sa hannu a kan ƙa'idar ƙetara iyaka da dabbobi domin kiwo. Ita ce ta kawo takardar nan da ma'aikata ke kira CIT. Ofishin kiwo na inda ka taso ne ke ba da ita, hukumar wurin ta buga hatimi, kuma kowace shekara ake sabunta ta. A cikinta ana rubuta yawan dabbobinka da irinsu, da allurar rigakafin da aka yi musu, da hanyar da za ka bi, da ƙofar iyakar da za ka ƙetara, da inda za ka sauka. Ka lura da wannan na ƙarshe. Takardar ba ta ce ƙasar maƙwabta duka taka ce ka yi ta yawo ba. Kowace ƙasa ita ke ware wuraren da take karɓar baƙin dabbobi, ta ƙiyasta yawan da kowane wuri zai iya ɗauka, kuma ma'aikacin da ke ƙofar shiga shi ke faɗa maka wanda za ka nufa. Ita ce kuma ke sa ranar shiga da ranar fita. A taƙaice dai masauki ne aka kama maka, da sunanka, da adadinka, da wa'adinka. Garken da ya zo ba takarda, ƙa'idar ta ce a killace shi, kuma mai shi ne zai biya kuɗin killacewar. Ƙetarawa kuma da rana ake yi. Mai bi da dare, ko da takardarsa a aljihu, ya riga ya saɓa.

Ga inda mai iyali da yawa ke yin tuntuɓe. Ƙa'idar ta ce kowane dabbobi 50 a samu aƙalla makiyayi ɗaya, kuma kowane garke mai ƙetara iyaka, komai ƙanƙantarsa, sai da mutum biyu. Sai ka ce ai wannan ba damuwata ba ce, ni da nake da 'ya'ya maza bakwai. To tsaya. Makiyayin da ake ƙirgawa sai ya cika shekara 18, kuma sai yana riƙe da takardar shaidar ko shi wane ne. Yaronka ɗan shekara goma sha huɗu, wanda ya san kowace saniya da sunanta, wanda in ya yi kira garke duka ke juyowa, a idon ma'aikaci ba ya cikin lissafi. Mai shanu 150 yana bukatar manya uku masu katin shaida. In sun kai 160, ka shirya huɗu ka huta da gardama. Na sha jin ana cewa wannan doka ba ta san kiwo ba, kuma akwai gaskiya a ciki, don yaron ruga ya fi wani babban birni sanin dabba nesa ba kusa ba. Amma ka dubi ɗaya gefen: in ɓarna ta auku, da wa za a zauna a yi magana? Manomi ba zai yi ciniki da yaro ba, sai dai ya kora shi da sanda, daga nan kuma sai abin da Allah Ya yi.

Wani abin kuma, 'yan'uwa uku su haɗa shanunsu a takarda ɗaya don a rage wahala da kashe kuɗi. A bakin iyaka lafiya lau. Bayan wata guda ciyawa ta yi ƙaranci, dole a rabu, wannan ya yi gabas wancan ya yi kudu. Takardar fa ɗaya ce, tana aljihun babban wa. Sauran biyun sun zama masu garke ba shaida a ƙasar mutane, shi kuma mai takardar adadin da ke rubuce ya fi abin da ke gabansa, sai a tambaye shi ina sauran, ko sayarwa ya yi ba tare da biyan kuɗin duwan ba. In kun san akwai yiwuwar rabuwa, kowane turke ya yi takardarsa tun daga gida.

Takardar CIT ta dabbobi ce. Ba ta rufe matarka, ba ta rufe tsohuwarka, ba ta rufe 'ya'yanka. Kowane babba da nasa katin, yara kuma da takardar haihuwa. Na san mata da yawa a ruga ba su taɓa yin kati ba, don ba su ga ranarsa ba, sai ranar da jandarma ya tsayar da motar kasuwa ya ce kowa ya fito da nasa, ita kuma da ƙwaryar nono a cinya. Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba ɗan ƙasar ECOWAS damar zama kwana 90 a wata ƙasar ƙungiyar ba biza. Cin rani na wata huɗu ya haura haka, saboda haka ka tambaya tun a ƙofar shiga yadda ake ƙara wa'adi. Sannan kun san Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu 2025. A lokacin ECOWAS ta ba da sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin mutanen ƙasashen uku, a bar su su yi zirga-zirga kamar da, har sai an sake wata magana. “Har sai an sake wata magana” ba abin da mutum zai jingina iyalinsa a kai ido rufe ba ne. Ka je ofishin kiwo, ko wajen wakilan ƙungiyoyinku irin su AREN a Nijar da Miyetti Allah a Najeriya, ka ji abin da ake ciki a wannan makon, ba abin da wani ya gani bara ba. Masu nufar Kamaru da Cadi kuwa, can wani tsari ne daban, na ƙasashen CEMAC, kuma hukumar CEBEVIRHA mai mazauni a Njamena ce ke da alhakin fasfon dabbobi da takardar ƙetarawarsu. Takardar yamma ba ta maye gurbin ta can.

Bari in ɗan ratse, don kada ku ɗauka mu kaɗai ake ƙirgawa. A Amurka, masu fita daji hutu su kwana a tanti su ma sai sun kama wuri ta intanet watanni kafin lokaci. A gandun Yosemite na jihar Kaliforniya, fili ɗaya mutum shida ne iyaka, har da yara, da mota biyu. Gidan mutum goma sha tara sai ya kama fili huɗu, in ma ya samu. Su dai nishaɗi ya kai su, in sun rasa sai su koma gida su kunna talabijin. Kai kuwa in ka rasa masauki a watan Maris, shanu ne ke ramewa a gabanka.

Yanzu ƙasa-ƙasa, don ƙa'idar 1998 ɗaya ce amma kowa da yadda ya riƙe ta. Togo ta daɗe da tsari mai ranaku: a shekarun da ta buɗe ƙofa, shiga daga 31 ga Janairu, fita kafin ƙarshen Mayu, da kuɗin shiga jika biyar na sefa a kan kowace saniya, da iyakar yawan shanun da za ta karɓa a shekara. Yi lissafi da kanka: shanu 150 sau jika biyar, jika 750 ke nan tun ba a sayi buhun dusa ɗaya ba. Wanda bai tanadi wannan ba, a bakin iyaka zai sayar da bijimi a farashin da dillali ya ga dama. Benin kuwa a watan Disamba na 2019 ta hana shigowar garkunan ƙetare gaba ɗaya. A farkon 2020 aka zauna da Nijar, aka yi sassauci na ɗan lokaci ga shanu 50,000, daga Maris zuwa ƙarshen Mayu. Dubu hamsin kamar da yawa, amma ka tuna yawan garkunan da suka saba gangarawa daga Dosso da Tillaberi. Wanda sunansa bai shiga jerin ba, bai shiga ba. Daga 2023 kuma gadar Gaya da Malanbil ita kanta ta shiga rikicin rufe iyaka. Mutumin da ya ɗauki iyali ashirin ya nufi kogin Kwara da fatan in an isa a san yadda za a yi, ya ɗauki kasada da rayukan da ba nasa kaɗai ba.

Najeriya kuma sai ka san jihar da za ka. A arewa akwai gandayen kiwo da aka ware tun dokar 1965 ta tsohuwar Jihar Arewa, ko da yake gonaki da gine-gine sun cinye da yawansu, kuma a 2017 Maradi da Katsina sun ƙulla yarjejeniya tsakaninsu a kan ƙetarawar dabbobi. Amma Binuwai ta yi dokar hana kiwon sake, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Nuwamba 2017. A can, wanda aka kama yana kiwo a fili zai iya fuskantar ɗaurin shekara biyar ko tarar naira miliyan ɗaya, dabbobin da aka tsare kuma in ba a fanshe su cikin kwana bakwai ba a yi gwanjonsu. Jihohin kudu da dama sun bi sahu bayan taron gwamnoninsu a Asaba a 2021. Takardar ECOWAS ba za ta cece ka a gaban alƙalin Makurɗi ba. Ko ka yarda da dokar ko ba ka yarda ba, ba da mata da yara a bayanka za ka je gwada ta ba.

To, a ce takarda ta kammala, ƙofa ta buɗe. Saura masu ƙasa, kuma a nan ne aikin yake. Izinin sarki wajibi ne, amma shi kaɗai ba ya isa. Ku dubi abin da ya faru a Agogo, a yankin Ashanti na Gana. Masu shanu sun sami fili ta hannun masarauta, da yarjejeniya, amma manoman da ke noma a kewayen ba su ga an shawarce su ba. Rikici ya yi ta ci, aka rasa rayuka ta kowane ɓangare, har a 2012 babbar kotun Kumasi ta ba da umurnin a fitar da shanun, sojoji da 'yan sanda suka riƙa shiga suna kora, ana harbe dabbobi. Mutanen nan suna da izini daga sama. Abin da suka rasa shi ne yardar maƙwabcin da gonarsa ke jikin mashekari. Saboda haka in ka aika ɗan aike, kada ya tsaya a fada kawai. Ya nemi mai unguwa, ya nemi mai gonar da za a sauka a kai ko kusa da ita, ya nemi mai rijiya, ya nemi makiyayan da suka riga ku zama a wurin, don su ne za su fara jin nauyinku a kan ciyawa.

Kuma ɗan aiken ya faɗi gaskiyar adadi. Wannan ita ce babbar cutar masu iyali da yawa. Ana jin tsoron in an ce mu ashirin ne da shanu 150 za a hana, sai a ce ai 'yan shanu ne kaɗan da yara biyu. A ba da wuri, sai ga ayari ya iso, bayan kwana uku kuma ga surukin ƙane ya biyo sawu da nasa garken, tunda ya ji an samu wuri. Mai masauki ya ga an raina masa hankali, kuma daga ranar duk akuyar da ta ɓata a garin ku ne. Gara a hana ka tun kana nesa, kana da sauran zaɓi, da a tashe ka bayan mata sun kafa bukkoki. In kuma wani ɗan'uwa zai biyo baya, a koma a sake neman izini dominsa. Wurin da aka ba ka, ba a ba ka ikon rabawa ba.

Mu yi lissafin ruwa, don shi ke tayar da zango fiye da ciyawa. Ma'aikatan agaji kan ƙiyasta lita 15 ga mutum ɗaya a rana, sha da girki da wanka, kuma wannan mafi ƙaranci ne. Mutum ashirin, lita 300, wato jarka 12 mai cin lita 25, kullum. Saniya a zafin bazara, mu ce lita 30. Shanu 150, lita 4,500. In gugarka mai cin lita 40 ce, ja ɗari da goma sha biyu ke nan da ɗoriya, ban da tumaki da jakai. Yanzu ka sa kanka a matsayin matar garin da ta zo da tulunta da hantsi ta tarar da wannan layi. Don haka maganar rijiya a gama ta kafin a sauke kaya: wane lokaci ne naku, wane lokaci ne na gari, nawa za a biya in famfo ne mai inji, wa zai gyara in igiya ko bakin rijiya ya lalace. A Nijar, dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, kuma mutanen da wuri yake mazauninsu na asali suna da fifiko a kan ruwa da ciyawarsa ba tare da sun rufe wa baƙo ƙofa ba. Fifiko dai fifiko ne. Mai wuri ya fara sha, baƙo ya jira, kuma baƙon da ya jira ba tare da an ce masa jira ba shi ake sake karɓa baɗi.

Sai ranar sakin gonaki. A Nijar gwamnan kowace jiha ke sa ranar bayan an yi shawara, kuma kafin ranar, ko ka ga an yanke gero, shigar dabba gona ɓarna ce. Amma kada ka ɗauki wannan al'ada ka gangara da ita kudu. A ƙasar doya da rogo babu wata rana da gona ke zama fanko. Rogo yana tsaye shekara zagaye, auduga a arewacin Benin tana kaiwa cikin rani ba a gama tsinka ba, ga gonakin yazawa da ƙananan itatuwansu da saniya ke karyawa da ƙafa ɗaya, ga lambunan fadama daidai inda kake son shayarwa. Yaron da ya tashi a Dakoro ko Tanut bai san ganyen rogo gona ba ne, daji yake gani. Ranar da kuka sauka, kafin a saki dabba ko ɗaya, babba ya zagaya da yaran tare da wani ɗan gari, a nuna musu iyaka da burtalin zuwa mashaya.

Da can manomi ne ke roƙon makiyayi ya sauka a gonarsa don taki, har ya ba da damin hatsi. A wasu wuraren har yanzu ana yi. Amma yau kara da harawa sun zama kuɗi, manomi na tarawa ya sayar ko ya ba nasa dabbobin. To a fayyace: kwana nawa za a yi a gonar, karan na wa ne, akwai biya ko musaya ce da taki. A yi a gaban shaidu biyu, ɗaya naku ɗaya nasu. In akwai mai waya, a ɗauki muryar kowa yana faɗin abin da aka yarda. Duk kuɗin da ka biya ma'aikaci kuwa, ka nemi rasit mai hatimi, ka adana tare da takardar rigakafi a cikin leda, ka kuma ɗauki hotonsu a waya ka aika wa wani a gida.

Akwai wuraren da ba mai ikon ba ka su, ko sarki ko wani mai kaki da ya ce ka ba shi ɗan wani abu ya kau da kai. Gandun W da ya ratsa Nijar da Benin da Burkina, da Penjari, da Waza a Kamaru, da Yankari a Bauci, duk ba a kiwo ba a kwana. Ciyawar ciki tana da kyau, shi ya sa take jan mutane. Amma ban da tara da kamun dabbobi, dajin W da kewayensa ya zama wurin 'yan bindiga da farmakin soja, kuma wanda aka tarar a ciki ba a tsayawa tambayarsa sana'arsa. Ko a wajen gandu, sassabe reshen kawo ko maɗaci ko madobiya don dabbobi na iya haɗa ka da ma'aikatan daji. Ka tambaya kafin yaro ya hau bishiya da adda.

To shin a tafi da kowa ne, ko a raba gida? Mutane da yawa yanzu suna barin tsofaffi da masu goyo da 'yan makaranta a mazauni tare da shanun tatsa kaɗan, samari su tafi da sauran. Akwai hikima a ciki: bakin ci ya ragu a hanya, yara ba su yanke karatu ba, kuma in an ce a tashi cikin dare, samari sun fi saurin tashi. Amma ni a ganina garken da samari zalla ke bi ya fi saurin jawo fitina. Ba babba mai kwaɓa, ba wanda gari ya sani. Zangon da ke da mata kuwa, cikin mako guda sun san matan gari ta hanyar nono da man shanu, sun san gidan da aka yi haihuwa da gidan da aka yi rasuwa, kuma sau da yawa su ke fara jin ƙishin-ƙishin in ana shirya wani abu. Mutanen gari ma hankalinsu ya fi kwanciya da wanda ya zo da iyalinsa, don sun san ba zai tayar da wuta a inda 'ya'yansa ke kwana ba. In za a raba, aƙalla a sa dattijo ɗaya mai magana da yawun gida a cikin masu tafiya. Mai ciki da ta kusa, da tsohon da ba ya iya doguwar tafiya, su kam a bar su kusa da asibiti. Waɗanda za su tafi kuma a duba katin rigakafin yaransu, musamman na ƙyanda da shan inna, don bazara lokacin ƙyanda da sanƙarau ne, kuma cuta a bukka mai mutum takwas ba ta tsayawa a kan ɗaya.

Ku fatake, na san kuna cewa yau ba da ku ake ba. Da ku ake. Mai zuwa kasuwar Alhamis ta Maigatari, ko Illela, ko Mubi, shi kaɗai, fatomansa zai ba shi tabarma a zaure. Amma ranar da ka zo da mata da yara, ko don biki ko don ka zauna wata biyu kana jiran kaya, zaure ba zai yi ba, kuma ba daidai ba ne ka sa mai masauki ya kwashe iyalinsa daga ɗaki don kunyar ka. Kira shi tun da mako guda, ka faɗa masa mutum nawa, mata nawa, kwana nawa, kuma wa zai ɗauki cefane. Ku tuna Agustan 2019, da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar 2023 tsakaninta da Nijar. Mutane nawa suka zo kwana uku suka yi watanni? Mai tafiya da iyali ya riƙe guzurin da ya wuce kwanakin da ya ƙudura, da kuɗin komawa a ware, ba a cikin jarin kaya ba.

In duk da haka ɓarna ta auku, ƙa'idar 1998 ta ce a fara kai magana gaban kwamitin sulhu, mai wakilan makiyaya da manoma da ma'aikatan kiwo da na gona da na daji da hukumar wurin, sai in ya gagara a je kotu. Ta kuma ce makiyayin da ya shiga bisa ƙa'ida yana ƙarƙashin kariyar hukumar ƙasar da ta karɓe shi. A Nijar kwamitocin ƙasa da ake kira COFO suna nan har matakin ƙauye a wurare da yawa. Ranar da ka sauka ka nemi sanin wanda ke wakiltar makiyaya a kwamitin wurin, ka karɓi lambarsa, ka ba babban ɗanka da uwargidanka su ma su riƙe. Ka gaya wa yara in dabba ta shiga gona kada su gudu da ita, kada su yi musu, su fitar da ita su zo su faɗa, kai kuma ka riga mai gonar zuwa wurin mai unguwa.

Ranar tashi kuma tana cikin yarjejeniya kamar ranar sauka. A kudu ruwa na riga na arewa sauka, manomi na son gonarsa tun kai ba ka ji labarin ciyawa ta fito a gida ba, kuma nan ne ake jarabtuwa da ƙara mako ɗaya, sai biyu. In kana bukatar ƙarin kwana, ka koma wurin wanda ya ba ka wurin tun saura mako guda, ka roƙa. In ya ce a'a, ka tashi a ranar da aka sa. Kafin a ɗaura wa jakai kaya a biya bashin mai kanti da na mai famfo, a cike ramukan da aka haƙa, a kashe wuta sarai, a je a yi wa sarki da mai gona sallama, a kuma tambaye su tun yanzu ko akwai wuri baɗi, da mutum nawa da shanu nawa. A hanyar komawa ka bi ta ƙofar da ke rubuce a takardarka, da rana, a buga maka hatimin fita.